'Yata da ƙawarta suna gaba: in shiga ko in ƙyale su?

"Assalamu alaikum Malama. 'Yata shekararta 9, tana aji huɗu a firamare. Tana da ƙawa tun suna ƙanana, katangarmu ɗaya da gidansu, makarantar bokonsu ɗaya, Islamiyyarsu ɗaya. Da ma sukan ɓata su shirya, amma wannan karon sun fi mako biyu ba sa magana. Ta ce wata sabuwar yarinya aka kawo ajinsu, ƙawar ta koma zama da ita a benci, ita kuma haushi ya sa ta goranta mata a gaban 'yan aji cewa kullum awararta take ci lokacin tara. Yanzu ta ce sauran yaran ba sa sa ta a wasa. Da safe sai ta yi ta nuƙu-nuƙu ba ta son tafiya makaranta. Babanta ya ce faɗan yara ne in fita harkarsu, kakarta ta ce ta rabu da yarinyar ta nemi wata, ni kuma zuciyata tana raya min in shiga gidan in sami uwar. Me ya kamata in yi?" (Wata uwa daga Zariya)

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya mana su, ya shirya mana zuri'a.

In na fahimce ki, kina tambaya ko ki sa baki ko ki zuba ido, in kuma sa bakin za ki yi, ta wace ƙofa za ki shiga. Shawarata ki sa baki, amma aikin a cikin gidanki yake, tsakaninki da 'yarki. Ƙofar maƙwabta ki bar ta tukuna. Na daɗe ina koyarwa a firamare, kuma ni ake turo wa yara idan rigima ta fi ƙarfin monita da malamin aji, don haka irin wannan labari ba baƙo ba ne a wurina. Abin da na lura, yawancinmu iyaye ko dai mu zama alƙalai mu yanke wane ne mai laifi, ko mu ce "faɗan yara ne" mu juya baya. Ko wanne muka ɗauka, yaro yakan fito bai koyi yadda ake gyara zumunci bayan an ɓata shi ba. Wannan kuwa koyonsa ake yi, ba a haifi kowa da shi ba, kuma shekarun da 'yarki take ciki su ne lokacin koyon.

Me ya sa ƙawaye suke ɓatawa

Babanta bai faɗi ƙarya ba. Zo mu zauna, zo mu saɓa. A 1988 Willard Hartup na Jami'ar Minnesota da ke Amurka, shi da abokan aikinsa, sun fitar da sakamakon wani bincike da suka yi ta hanyar zuba wa ƙananan yara ido suna wasa a makaranta. Suka tarar abokai ma suna saɓawa kamar yadda waɗanda ba abokai ba suke saɓawa. Inda aka bambanta shi ne yadda rigimar take ƙarewa. Ta abokai ba ta cika zafi ba, sukan janye wa juna ba tare da wani ya kayar da wani ba, kuma sun fi komawa wasa tare bayan ta lafa. Saboda haka yawan ɓatawa ba shi ne abin dubawa ba, abin dubawa shi ne ko suna iya dawowa. Shekara da shekaru 'yarki da ƙawarta suna dawowa da kansu. Yanzu sun kasa, har abin ya ja sauran 'yan aji, har ya taɓa zuwanta makaranta. A nan ne shawarar "ƙyale su" ta daina isa.

Akwai kuma batun shekaru. Robert Selman na Jami'ar Harvard ya daɗe yana tambayar yara abin da suka ɗauki abota, ya ga fahimtarsu hawa-hawa take. Ɗan shekara 4 ko 5, abokinsa shi ne wanda suke wasa tare a wannan lokacin, faɗansu kuma a kan abin hannu ne, motar langa-langa ko 'yar tsana. Can gaba kaɗan aboki ya zama wanda yake yi min abin da nake so. Daga nan sai matakin ba ni in ba ka, inda yaro yake lissafin abin da ya yi wa aboki da abin da aka yi masa, kuma saɓani ɗaya yana iya sa ya ce abotar ta ƙare. Wajen ƙarshen firamare sai sirri da amana su shigo, tare da su kuma kishi ya shigo: ƙawata tawa ce ni kaɗai. Yaran Amurka ya yi wa tambayoyin, kuma namu da suke tashi a gidan yawa cikin yayye da ƙanne da 'ya'yan kawu sukan riga su sanin wasu abubuwan. Amma jerin matakan, haka nake ganinsa a aji.

Ki dubi 'yarki da wannan ido. Ƙafarta ɗaya tana matakin lissafi, shi ya sa ta san adadin awarar da aka ci mata. Ɗaya ƙafar ta shiga matakin kishi, shi ya sa ganin ƙawarta a benci da wata ya yi mata ciwo haka. Ba ta da kalmar da za ta ce "ina tsoron kin daina so na," sai ta ɗauko makamin da yake kusa da hannunta. Ƙawance na mutum uku a wannan shekaru shi ne ya fi kowanne kawo kuka a ofishina, musamman tsakanin 'yan mata.

Nauyin gori

Ina so in tsaya a kan gorin nan, domin shi ne ƙullin maganar. A wurinmu gorin abinci ba ƙaramin abu ba ne. Yarinyar da aka ce mata a gaban 'yan aji "kullum awarata kike ci," an kira ta kwaɗayayya, an kuma nuna kamar gidansu ba sa iya ba ta kuɗin tara. In har da ma gidan nasu ba shi da ƙarfi kamar naku, ciwon ya ninku. Kuma yara ba sa barin irin wannan magana ta mutu, wani zai mayar da ita waƙa, wata ta mayar da ita suna. Sauran 'yan matan kuma kowacce za ta tuna ranar da ita ma ta ci alawar 'yarki ko ta ari birota, ta ce a ranta gobe ni za a goranta wa. Sau da yawa ƙauracewar 'yan aji daga nan take tasowa, ba lallai sai ƙawar ta zuga su ba.

Ban faɗi haka don in ce 'yarki muguwa ce ba. Akwai ma abin da ya faranta min rai a wasiƙarki: da bakinta ta gaya miki ita ta yi gorin. Yara da yawa labarinsu daga "sai kawai ta daina kula ni" yake farawa, a ɓoye abin da ya gabata. Yarinyar da ta kawo laifinta gaban uwarta ba a matsa mata ba, ta amince da ke, kuma abin yana damun ta. Kada ki ɓata wannan amana da faɗa. In kika rufe ta da masifa yau, gobe rabin labari za ki samu.

Saɓani ne ko cin zali?

Kafin komai sai kin tabbatar da irin abin da kike fuskanta, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Dan Olweus, wanda ya fara nazarin cin zali tsakanin 'yan makaranta a ƙasashen Suwidin da Norwe tun shekarun 1970, ya ce ana gane cin zali idan cutarwar da gangan ce, ana maimaita ta, kuma ɓangare ɗaya ya fi ƙarfin ɗaya ta yadda wanda ake yi wa ba ya iya kare kansa. Ƙarfin ba sai na ƙwanji ba, yawa ma ƙarfi ne. A 1995 wasu masu bincike, Nicki Crick da Jennifer Grotpeter, sun nuna cewa ware yaro daga wasa, da yaɗa magana a kansa, da yi masa barazanar "ba ma yi da ke," su ma cutarwa ce da take taɓa yaro sosai ko da ba a taɓa jikinsa ba. Mu malamai mun fi saurin ganin wanda aka fasa wa baki, wadda ke zaune ita kaɗai a gindin bishiya lokacin tara kuwa sai a ce ai yarinya ce mai shiru-shiru.

Saɓani tsakanin tsara biyu ne, kowa ya ji ciwo, kowa yana da abin faɗa, kuma ana iya sulhunta su. Cin zali ba a sulhunta shi, hana shi ake yi, kuma aikin manya ne. Kuskure ne babba a zaunar da yaron da ake zalunta gaban masu zaluntarsa a ce ku yafe wa juna. Abin da kika bayyana ya fi kama da saɓani da ya fara faɗaɗa, amma yana iya rikiɗewa idan aka bar shi. Ki tambayi 'yarki a hankali: duk 'yan ajin ne ko wasu 'yan kaɗan? An hana ta shiga carafke ko 'yar gala-gala da baki, ko ita ce ta janye don kunya? An sa mata wani suna? Akwai mai hana wasu yi mata magana? A Islamiyya ma haka ne, ko a boko kawai? Sannan ki je ki ga malamar ajin, ba da ƙara ba, ki roƙe ta ta lura da abin da ke faruwa lokacin tara da lokacin tashi na 'yan kwanaki. Ki kuma roƙe ta kada ta kira su gaban aji. Kunya a bainar jama'a ce ta haifar da rigimar, ƙara wata kunyar ba zai kashe ta ba.

Zaman da za ki yi da ita

Ki zaɓi lokacin da hankalinta yake kwance, ba da safe tana jan ƙafa ba, ba kuma a gaban ƙannenta ko kakarta ba. Yara sun fi sakin baki idan hannu yana aiki kuma ba a tsare su da ido ba: kina yi mata kitso, ko kuna tsince shinkafa, ko kuna gyaran zogale. Ki ce ta ba ki labarin tun daga ranar da aka kawo sabuwar yarinyar. Ke dai naki "sai me ya faru?" da "ke kuma sai kika ji yaya?" Za ki ji bakinki yana ƙaiƙayin yanke hukunci, ki daure. Idan ta gama, ki faɗa mata abin da kika fahimta ta ji: "Kin ga kamar ta canza ki da wata, abin ya yi miki zafi." Sau da yawa a nan ne yaro yake fashewa da kuka, kuma kukan alheri ne. Yaron da bai ji an fahimci nasa ciwon ba, ba ya iya duba ciwon wani.

Bayan nan ne za ki juya da ita ta kalli ɗaya ɓangaren. Tambayar da na fi amfani da ita ita ce: "Ban da cewa ta daina son ki, wane dalili kuma zai iya sa ta zauna da yarinyar?" Wani mai nazarin halayyar yara, Kenneth Dodge, ya nuna tun 1980 cewa yaran da suka fi saurin kai hannu sukan fassara abin da bai fito fili ba a matsayin mugunta: an ture shi a layi, shi a wurinsa da gangan ne. Duk wanda ransa ya ɓaci yakan faɗa wannan rami, yaro ko babba. Maganinsa shi ne a saba wa yaro neman fassara ta biyu da ta uku kafin ya yanke. Na sha bin diddigin irin wannan rigima in tarar malama ce da kanta ta ce wa yarinya "ke, zauna da baƙuwar nan ki nuna mata inda muke a littafi." Ko kuma tausayi ne, ta ga baƙuwa ba ta san kowa ba. Ki bar 'yarki ta kawo dalilan da kanta. Wanda ta gano da kanta ya fi zama a ranta fiye da wanda kika ɗora mata.

Sai ki tambaye ta: "Da ke aka gaya wa maganar awarar nan a gaban 'yan aji, da yaya za ki ji?" Ki yi shiru ki jira. In tana zuwa Islamiyya, wataƙila ta san ayar Suratul Baƙara ta 264, inda Allah ya hana mu ɓata sadakokinmu da gori da cutarwa. Ki nuna mata cewa bai wa ƙawarta awara da take yi kyakkyawan aiki ne, gorin ne ya ɓata shi. Wannan ya fi a ce mata "ke ba ki da kirki," domin ya bar mata mutuncinta ya kuma nuna mata daidai wurin da za ta gyara.

Ban haƙuri na gaskiya

Mun saba da mu riƙo hannun yaro mu ce "ba ta haƙuri!", shi kuma ya ce "yi haƙuri" yana kallon ƙasa yana zumɓura baki, mu ce to an gama. Ba a gama ba. Wanda aka ba haƙurin ya san na dole ne, wanda ya bayar kuma ya koyi cewa kalma ce da ake furtawa don manya su ƙyale ka. Ban haƙurin da yake warkarwa yana ambaton laifin da sunansa, kuma ba ya jan "amma" a bayansa. Misali: "Maganar da na gaya miki ta awara ban kyauta ba. Haushi na ji da na ga kin koma zama da wance. Ki yafe min." Ki lura ta faɗi abin da ya dame ta, amma ba ta mayar da shi hujja ba.

Ku gwada a gida. Ke ki zama ƙawar, ita ta faɗa, ki amsa mata iri-iri: sau ɗaya ki karɓa, sau ɗaya ki yi banza da ita, sau ɗaya ki ce "ai sai yanzu?" Ta haka ba za ta daburce ba idan abin bai tafi yadda take so ba. Wasu iyaye suna ganin wannan wasa ne, amma na ga yaran da suka yi kwanaki suna son shiryawa, abin da ya hana su kawai ba su san da wace kalma za su fara ba.

Ta sami ƙawar ita kaɗai, ba cikin 'yan aji ba. Kuna da sa'a katangarku ɗaya, hanyar Islamiyya ta ishe su. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Ayyub al-Ansari ya ce bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa sama da kwana uku ba, su haɗu wannan ya kau da kai wancan ya kau da kai, kuma mafificinsu shi ne wanda ya fara sallama. Yara suna son wannan hadisi idan aka kawo musu shi ta ƙarshensa, domin yana cire musu tsoron cewa wanda ya fara magana shi aka kayar. Ki gaya mata wanda ya fara sallama shi ne babba a wurin Allah. Amma don Allah kada ki mayar da shi bulala, kina ce mata ta shiga wuta saboda ta wuce kwana uku. 'Yar shekara 9 alƙalami bai hau kanta ba, koya mata ake yi. In ma ban haƙurin ya yi mata nauyi a rana ta farko, ta fara da sallama kawai, gobe ta ƙara.

Abu ɗaya da zan hana: kada ki ba ta awara ko alawa ta kai wa ƙawar a matsayin biko. A wata rigimar kyauta tana gyara, a wannan kuwa abinci ne wurin ciwon, za a iya ɗaukarsa wani sabon gorin. Gara ta ce "zo mu tafi Islamiyya tare," ko ta nemi su yi tilawa tare.

Ki kuma shirya ta tun yanzu cewa ƙawar tana iya ƙin amsawa da wuri, kuma haƙƙinta ne. Haka nan ko sun shirya, sabuwar yarinyar ba za ta ɓace ba. Wannan shi ne darasi mafi wuya a wannan shekaru: ƙawata tana iya son wata kuma ba ta daina so na ba. Ki kawo mata misali da kanki, ƙawayenki nawa, kuma kowacce tana da nata ƙawayen. In ta iya, ta ja baƙuwar a jiki, domin wasanni da yawa na 'yan mata sun fi daɗi da mutum uku ko fiye. A nan maganar kakarta tana da amfani ta wani gefe. Ban yarda ta watsar da ƙawar ƙuruciya saboda saɓani ɗaya ba, amma yarinyar da duk duniyarta ƙawa ɗaya ce, kullum a tsorace take. Ki buɗe mata hanyar sabawa da wasu, 'ya'yan dangi, 'yan ajinsu na Islamiyya, ko wata 'yar aji da za ki gayyato gida ranar da babu makaranta.

Batun shiga gidan maƙwabta

Na san abin da yake tura ki, ganin ɗanka a ware yana da ciwo. Amma kowace unguwa tana da labarin iyaye mata biyu da suka yi shekaru ba sa ga-maciji a kan faɗan yaran da suka shirya tun washegari. Idan kika shiga yanzu da zafi, uwar za ta kare 'yarta, kuma ki tuna a wajenta 'yarta aka ci wa fuska. Ta yiwu ma ita ce ta ce mata "kada ki ƙara karɓar komai a hannunta." Da zarar manya sun ja daga, yaran ba su da ikon shiryawa ko suna so, domin shiryawar ta zama saɓa wa uwa.

Ki ba 'yarki dama ta gwada da kanta tukuna. In ta yi sallama ta ba da haƙuri har mako ya zagayo ba a amsa ba, to sai ki shiga, a matsayin maƙwabciya mai zumunci, ba tare da yaran ba. Ki fara da laifin gidanki: "Maman wance, na ji 'yar taki ta gaya wa 'yar'uwarta maganar da ba ta dace ba, na yi mata magana, ta kuma yi nadama." Uwar da aka zo mata ta wannan hanya da wuya ta ɗaga murya. Da haka iyayenmu suke yi, kowa ya tsawata wa nasa ya kare na maƙwabci, shi ya sa ake cewa ɗa na kowa ne. Yanzu mun juya abin, kowa lauyan ɗansa ne, yaran kuma suna kallo suna koyo.

Suna kallon sauran abubuwan ma. Yarinyar da take ganin uwarta tana gaba da facala ko kishiya, tana jin ana habaici ta saman katanga, ko tana ganin ana jefa magana a WhatsApp don wance ta gani, ta riga ta sami darasin yadda ake yi idan rai ya ɓaci. Ban ce haka gidanki yake ba, na faɗa ne don duk mai karantawa. In kuma yaro ya taɓa ganin uwarsa ta ce wa wani "ban kyauta ba, ka yafe min," ko da shi kansa aka gaya wa, ba zai ɗauki ban haƙuri a matsayin faɗuwa ba.

Tsakanin "rama" da "yi haƙuri"

Tunda iyaye da yawa za su karanta wannan, bari in taɓa abin da muke gaya wa yara idan su aka yi wa laifi. Namiji mukan ce masa "in an doke ka ka rama, kada ka shigo min gida da kuka." Mace kuma mu ce "yi haƙuri, ke mace ce." Na fahimci tsoron uban da ba ya son ɗansa ya zama abin tausayi a layi, amma yaro ɗan shekara 7 ba kullum yake bambance ture na kuskure da na gangan ba, don haka umarnin rama yana sa shi dukan wanda bai nufe shi da komai ba, kuma ya rufe masa ƙofar kawo kuka gida ranar da abin ya fi ƙarfinsa. Annabi (SAW) ya ce mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Haƙurin da muke ɗora wa 'ya'ya mata kuma, idan ya zama haɗiye komai ba tare da magana ba, yakan fito ta wata hanya: gaba, gulma, habaici, ko gori irin wanda ya fito daga bakin 'yarki. Da tana da bakin cewa tun ranar farko "na ji haushi da kika bar ni ni kaɗai a benci," da wataƙila ba a kai nan ba.

Abin da nake koya wa 'yan ajina, maza da mata, shi ne mutum ya tsaya ya kalli wanda ya yi masa, ya faɗa da murya a fili: "Ba na so, ka daina." In ba a daina ba ya bar wurin. In an biyo shi, ko an taɓa jikinsa, ko abin ya zama na kullum, ya gaya wa babba. Nakan bambance musu kai ƙara da tsegumi, domin tsoron a kira su 'yan tsegumi yana sa yara ɓoye abubuwa masu nauyi. Wanda ya faɗa don a hukunta wani, tsegumi ya yi. Wanda ya faɗa don a ceci wani ko a cece shi, ya yi daidai. Haka nan tsokana: mu mutane ne masu wasan barkwanci, tsakanin taubasai, tsakanin Fulani da Barebari, tsakanin Kanawa da Zage-zagi, kuma yara suna tasowa cikinsa. Ƙa'idar da nake ba su ita ce wasa sai kowa yana dariya. In ɗaya ya daina dariya an ci gaba, ya tashi daga wasa. Aya ta 11 a Suratul Hujurat, wadda ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, ta dace a karanta wa yara da fassararta tun suna firamare.

Inda shawarata ta tsaya

Ban ga 'yarki ba, kuma labarin ɓangare ɗaya na ji, shi ma ta bakin uwa mai ƙauna. Malamar ajin tana iya ganin abin da ni da ke ba mu gani ba, shi ya sa na nace ki same ta. In ta tabbatar ana ware yarinyar da gangan, ki nemi ta sauya tsarin zama na ajin gaba ɗaya ba na mutum biyu kawai ba, ta kuma riƙa haɗa yara aikin rukuni na mutum huɗu ko biyar da ita za ta zaɓa, don kada a bar wa yara zaɓen wanda za a ware. In ba a ga sauyi ba, sai a kai ga shugaban makaranta, kuma a nan ya kamata babanta ya shigo.

Nuƙu-nuƙun safiya kuma ki sa masa ido. Kada ki bar ta ta zauna a gida, domin kowace rana da ta yi fashi tana ƙara wa komawa wuya. In da hali ki raka ta, ko ki haɗa ta da wata 'yar unguwa su tafi tare. Amma idan kika ga ciwon ciki ko ciwon kai da yake zuwa ranar makaranta kawai, ko ta rage cin abinci, ko barci ya gagara, ko fitsarin kwance ya dawo bayan ta daɗe da dainawa, ko ta fara cewa ba wanda yake son ta ko gara ta mutu, to abin ya wuce saɓanin ƙawaye kuma ya wuce abin da malamar makaranta za ta warware. Ki kai ta a duba ta, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana kusa da ku, kuma ki gaya wa likita labarin makarantar gaba ɗaya, ba ciwon cikin kawai ba. Ki kuma tambaye ta a natse ko akwai wani abu dabam da yake faruwa a hanya ko a makaranta, domin wani lokaci yaro yakan kawo ƙaramar damuwa ya ɓoye babbar a bayanta.

Idan kun gwada abin da na faɗa, ki sake rubuto min bayan mako biyu, ki haɗa da abin da malamar ajin ta gani lokacin tara da kuma yadda ƙawar ta amsa sallamar.